Ɗankwalin Tsohuwa

…kuma ba za ta tashi daga kan bencin nan ba. Ko da ƙafar ta mutu. Ko da masinjan nan ya sake leƙowa ya ce jami'ar karɓar ƙara ta fita cin abinci, ko da za a kulle ofishin ƙwadagon da ita a ciki. Ai ta zo. Zuwan ne mai wuya — ko ba shi ba ne?

Benci mai ƙusa a gefe, sai kama mata zani yake yi. Fanka a sama tana juyi kamar an yi mata dole. A damanta wani tsoho mai gadi, sanda tsakanin gwiwoyi, yana ta ba bango labarin yadda aka sallame shi. A hagunta direba, ba ya magana, tsaki kawai, tsakin ma mai wutsiya, yana ja yana lanƙwasa shi a ƙarshe. Ga shi har ta ɗauka. Harshenta ya riga ya gwada shi a ɓoye a bayan haƙora, ya zauna daram. Kai, Aku! Yau ma? A nan ma? Abin da ya raba ki da aikinki ke nan fa —

A'a. Tsaya. Wannan shi ne abin da suka ce. Kar ki fara taya su.

Aku. Tun ba ta iya ɗaura zani ba sunan ya manne mata. Mai tallan kalanzir, malamin lissafi, kukan ƙyauren banɗaki. Inna in tana yi musu faɗa, da Inna in baƙi sun zo, mata biyu ne daban, kuma duk tana da su a maƙogwaro. Wa ya fara ɗaure mata gindi in ba Yaya ba? Ya dawo daga koyon gyaran inji, hannu baƙi ƙirin, ya zauna a bakin ƙofa: yi mana Baba in ya ɓatar da makulli. Ta yi. Ya yi ta dariya har yana dukan ƙasa. Shi ne kuma, da ta gama makaranta ta zauna tana ƙirga ƙudaje, ya riƙo hannunta ya kai ta gidan wankin da yake wa gyaran injina. Ga ƙanwata, ranka ya daɗe, tana da ƙoƙari, sai dai baki. Sai dai baki! Ai ka gaya musu tun ranar, Yaya. Ba wanda zai ce ka sayar musu da kaya a rufe.

Waya tana rawa a cikin jaka. Matar Yaya ce, ba sai ta duba ba. Ta yi ta rawa.

Tururi. Shi ke fara zuwa in ta rufe ido — tururi da warin bilic, da tsaunin zannuwan gado na otal-otal da na asibiti, farare, jiƙaƙƙu, masu nauyi kamar gawa. Da Tsohuwa a tsakiyar ɗaki. Injin guga, gangar ƙarfe mai zafi da ta fi mota tsawo, tana juyawa tana huci. Mutum biyu a gaba suna miƙa mata zani a baki, biyu a baya suna karɓa a goge. Kama gefe, ja, daidaita, saki. Kama, ja, daidaita, saki. Har yanzu yatsunta suna yi a kan cinya, dubi, ba ta sa su ba. A bakin Tsohuwa akwai sanda a gicciye, sandar birki: yatsa ya taɓa ta, inji ya tsaya cak. Don haka aka yi ta. Amma Tsohuwa tsohuwa ce, sandar ta saki, ko zani ne ya ɗan tattare ya goge ta sai ta tsaya, a kira Yaya, a tayar, a jira ta yi zafi, motar otal tana ƙofa direba yana danna oda…

Ehem.

Ga shi nan ya shigo kanta ba sallama. Manaja. A fara ja wando sama a ɗora a kan tumbi, a kaɗa makullai, sannan a gyara murya kamar za a yi wa duniya albishir. *Ehem… makanike, a ɗaure sandar nan. Kun gane ko? Ba wasa muka zo yi ba.* Sai Yaya ya yanko baƙar roba daga tsohon tayar mota, ya ɗage sandar sama ya naɗe ta tam. Shi ke nan Tsohuwa ta daina tsayawa, ko me ya shiga bakinta. Wa ya fara kiran robar nan ɗankwali? Ita ce mana. Wa kuma? An ɗaura wa Tsohuwa ɗankwali, za ta biki. Kowa ya ɗauka. Ranar da masu duba lafiyar wuraren aiki za su zo, da sassafe a kwance. Suna juya baya a mayar. Har shi Manaja ya ɗauka, yana faɗa yana murmushi. Ya ji daɗin kalmar, ta fi "a kashe birki" daɗin fita a baki.

Tsoho mai gadi ya juyo yana kallonta. Ashe a fili ta yi ehem ɗin. Ta mayar da shi tari.

Ba ta so ta tuna ƙarar. To, kar ki tuna. Dubi bango, dubi inda fenti ya ɓare ya yi kamar kan akuya, dubi takalmin direba… Ba ihu ba ne ma da farko. Wani ɗan sauti ne, *ah*, irin na wanda ya tuna ya bar tukunya a wuta. Maman 'Yan Biyu, a gefenta, kafaɗa da kafaɗa, suna riƙe da zani ɗaya. Gefen ya naɗe, ta kai hannu ta gyara, abin da kowa ke yi sau ba adadi a wuni. Sanda tana can sama a ɗaure. Tsohuwa ta ci gaba da juyawa. Da warin — a'a. Wannan sautin kaɗai ne a duniya da ba ta taɓa gwadawa ba, kuma shi ne ya fi kowanne zama a kunnenta. Yaya ne ya yi tsalle ya kashe wutar gaba ɗaya. Yaya ne ya kwance gangar da hannunsa, yana kuka yana kwancewa, majina har baki, namiji guda.

Rahoton kamfani ya ce gyangyaɗi ta yi.

Gyangyaɗi! Matar da ke ba su labarin yadda 'yan biyunta suka zuba gishiri a ruwan wanka, tana tsakiyar labarin, ba ta ma kai wurin dariyar ba.

*Na gaba!* Masinja. Ta hanci yake yi, *na gabaaa*, kamar akuya ta maƙale a shinge. Direba ya tashi, ya bar mata tsakinsa. Ta matsa. Saura tsoho, sai ita.

To mene ne za ta faɗa? Daga farko, Aku, a tsare, kamar yadda Gwaggo Ƙungiya ta ce. Gwaggo ta gidan da ke kallon nasu, wadda ta tsufa a masaƙa tana jan ma'aikata yajin aiki har sunan ya bi ta gida. Tana tsince shinkafa a faranti, tabarau a ƙarshen hanci, murya kamar ana jan buhu a siminti. *Zauna, 'yar nan, ki bar motsa bakin nan. Kora kala-kala ce. Kin yi sata, kin yi fashin aiki, ko aikin ne ya ƙare, mai wuri zai iya sallamarki, ya ba ki sanarwa da haƙƙinki, ba mai cewa don me. Amma a kore ki don kin yi ciki, ko don addininki, ko yarenku, ko don kin shiga ƙungiya, ko don kin buɗe baki kin ce abin nan zai kashe mutum — wannan ramuwa ce, ba sallama ba. Doka tana da magana a kai.* Ta jefar da tsakuwa. *Sai dai ba wawaye ba ne. Ba mai rubuta ainihin dalili. Za su nemo wani laifin su rataya miki. Abin da za a duba shi ne: yaushe laifin ya zama laifi?*

Yaushe ya zama laifi.

Ai wannan tana da amsarsa, har da ƙari. Wa ke aikowa a kira ta ofis in manyan otal sun zo ganin wuri? *Ehem… ku tsaya ku ga wani abu. Aku, yi musu ni. Yi musu ni!* Ta ja wandon da ba ta da shi, ta kaɗa makullan iska, ta gyara murya. Ya yi ta dariya har yana share hawaye da bayan hannu, yana nuna ta kamar shi ya haife ta. Ya sa a ba ta lemo mai sanyi. Ta yi shi a gaban baƙi, ta yi shi a gaban matarsa ranar da ta kawo masa abinci, ta yi shi a gaban mai kamfanin kansa. Shekara da shekaru tana yin sa, bai zama raini ba. Sai ranar nan.

Ranar nan. An kwance ɗankwali tun da safe, an wanke ƙasa, an fito da safar hannu sababbi daga sito, masu warin leda. An jera su kamar 'yan makaranta. Mai duba ya zo saboda hannun Maman 'Yan Biyu, wani siriri mai hular kwano da ta yi masa yawa. Ya taɓa sanda da biro, Tsohuwa ta tsaya cak. Ya sake taɓawa, cak. Ya gyaɗa kai. Sai ya waiwayo, idonsa ya faɗa a kanta, don ita ce a bakin injin: kullum haka take tsayawa?

Ga Manaja. Ga Yaya a bayansa da sifana a hannu, ya zuba wa ƙasa ido. Ga gurbin Maman 'Yan Biyu a gefenta, wayam.

Ba ta shirya ba, wallahi ba ta shirya ba. Ta buɗe baki ne ta ce a'a, kalma ɗaya, me ya fi wannan sauƙi? Sai hannunta ya tafi ƙugu ya ja wando. *Ehem… makanike, baƙi sun tafi, a mayar da robar nan a ɗaure birki. Kun gane ko? Ba wasa muka zo yi ba.*

Tsit. Har ɗigar famfo ana ji.

Sai Manaja ya fashe da dariya. Shi ya fara — kai, mutumin nan ba ƙaramin ɗan duniya ba ne. Ya dafa kafaɗar mai duba, yarinyar nan 'yar wasan kwaikwayonmu ce, har kai ma kafin ka fita za ta yi ka. Sai mai sito ya kama, sai abokan aikinta Gajera da Mai Waƙa, sai kowa, dariyar tsoro, irin mai fita ta hanci. Mai hular kwano ya dubi wannan ya dubi wancan, shi ma ya yi murmushi don kar a bar shi a baya. Ya rufe biro. Ya tafi. Ta faɗi gaskiya tsirara a gaban hukuma, an tafa mata.

*To kin kai ƙara ne ko kin yi wasa?* Gwaggo Ƙungiya, ta saman tabarau. *Nan ne za su kama ki. Doka tana kare wanda ya kai rahoton haɗari. Su za su ce ba rahoto kika kai ba, shegantaka kika yi. Ke kin san abin da kika faɗa, shi ma ya sani, shi ya sa ya kore ki. Amma sai kin je kin faɗa da bakinki. Naki, ba nasa ba. Me aka yi, wa ya ce a yi, wa ya yi. Kuma ki yi sauri, ƙara tana da wa'adi, ba ta jiran mai shawara.*

Wa ya yi.

Waya kuma. Rawa, rawa, rawa. Ta dafe jakar da tafin hannu kamar mai toshe bakin yaro. Ta san abin da ke ciki ai, ba sai ta ɗauka ba, tana da matar Yaya kaf, har da numfashin da take ja kafin ta sa wuƙa. Murya kamar zuma. *Ƙanwata ta kaina, ba faɗa nake yi ba. Ke dai Allah ya hutar da ke, ba miji ba ɗa, bakinki kawai kike ciyarwa. Mu kuwa ga jariri, ga na makaranta, ga maganin Inna. In kin je kin yi jarumtarki kin dawo, a wace tukunya za ki ci?* Ba ƙarya ta yi ba, abin haushin ke nan. Da ma ƙarya ta yi. Da Inna a kan tabarma, ba ta kallon kowa, tana murza gwiwa: *ki bar wa Allah, Aku. Aiki wani ya tafi wani zai zo. Ɗan'uwa fa?*

Na bar wa Allah, Inna. Shi ne ya ba ni ƙafa na zo.

A'a, wannan amsar ta yi kyau da yawa, ba za ta iya faɗa wa Inna haka ba. A kan benci ne take da baki.

Ofishin Manaja, bayan 'yan kwanaki, sanyin na'ura har cikin ƙashi. Bai ce ta zauna ba. Bai ja wando ba, bai kaɗa makulli ba. Ko ehem ɗaya bai yi ba — abin da ya tsorata ta ke nan, ashe yana da wata muryar a ajiye, siririya, busasshiya, wadda ba ta taɓa ji ba balle ta ɗauka. Raina shugaba a gaban baƙo. Wasa a lokacin aiki. Ki miƙa rigar aiki a sito. Ba gargaɗi, ba sanarwa, ba ki-faɗi-naki. Ta tsaya tana jiran ya yi dariya. Har ta kai ƙofa tana jira.

Hanyar fita ta gaban Tsohuwa take. Gajera da Mai Waƙa suna miƙa zani, ba wadda ta ɗago. Kama, ja, daidaita, saki. Baƙar roba tana nan a sama, an mayar, sabuwa ma. Yaya yana kwance a ƙarƙashin injin wanki na kusa, ƙafafunsa kawai ake gani. Da ta zo wucewa sifana ta daina ƙara. Ƙafafun suka tsaya. Ba su fito ba.

Ba ta riƙe ka ba, Yaya. Ta rantse ba ta riƙe ba. To, ta ɗan riƙe.

Ai ta ji ka. Bangon sito katako ne, ta je ɗaukar sabulu tun kafin abin ya faru, ta ji ka kana cewa ranka ya daɗe sandar nan gyara take so, a sayo ƙarfen a canja, robar nan za ta ja mana magana. Ta ji amsar. *Ehem… in ba za ka iya ba, makanikai sun cika gari.* Za ta faɗi wannan. Za ta faɗa da ƙarfi, sau biyu, a rubuta. Amma shi zai ce bai taɓa ba da umarni ba, ina shaida? Maganar baki ce, ta bi tururi. Roba kuwa ga ta, ɗaurin makanike, kowa ya ga hannun da ya naɗa. Wa za a fara kama wa wuya?

Shi ya sa… tsaya. Tsaya, Aku.

Sabon kayan aiki da aka ba Yaya a makon da aka kore ta. Shuɗi, mai aljihu da yawa. An naɗa shi shugaban makanikai, wai, alhali makanikan duka shi ne da inuwarsa. Matar Yaya har da guɗa. Ita kuma ta ɗauka kunya ce ta kama Manaja, yana shafa wa gidan mai a baki. Wace kunya? Mutumin da ya rubuta gyangyaɗi? Lissafi ya yi. A kori ƙanwa, a riƙe wa; muddin wan yana ci a nan, ƙanwar ba ta da bakin zuwa ko'ina. Ya san gidansu, ya san Inna, ya zo barka da aka yi haihuwa. Da Yaya ya ɗaure mata baki. Ya zauna a cikin sanyin nan ya auna ta tsaf, ya ce wannan iyakarta wasa.

Zafi ya taso mata daga ciki har kunne. Madalla. Gara zafin. Ta gyara zama, ƙusa ta ja zani, ta ƙyale shi ya yage.

*Na gabaaa!* Tsoho ya miƙe da ƙyar, ya manta hularsa a benci, ya dawo ya ɗauka. Saura ita. Benci ya yi faɗi.

Za ta iya tashi yanzu. Ba wanda ya san sunanta a nan, ba ta sa hannu a komai ba. Matakala tana can, ƙofa a buɗe, rana a waje. Ta koma gida ta ce kasuwa ta je, ta yi musu masinja da direba, a yi dariya har jariri ya farka. Ta nemi aiki a shagon ɗinki. Shekara ta zagayo a manta. Gajera tana da ƙananan hannaye, da sauri take aiki, wataƙila ba abin da zai same ta. Mai Waƙa kuwa in ta ja baiti rufe ido take yi…

Ɗakin Maman 'Yan Biyu. Labule a sake, warin magani. Hannun a naɗe, ya zama dunƙule, guntu, bai kai tsawon da ya kamata ba. Ke Aku, kin zo ki zauna min shiru kamar gidan makoki? Yi min Manaja. Ta ce a'a, Maman 'Yan Biyu, bari dai. Ki yi min shi na ce! Ta tashi ta ja wando. Matar nan ta yi dariya har tana riƙe haƙarƙari da hannun mai lafiya. Sai ƙaramin ya yi kuka, ta sunkuya ta ɗora shi a baya yadda ta saba, ta jawo zani — sai ta tsaya. Ba a ɗaura goyo da hannu ɗaya. Ta tsaya a sunkuye, yaro a baya, gefen zani a haƙori. Aku ce ta ɗaura mata. Tana ɗaurawa matar ta yi magana, ba ta juyo ba: ke kina kusa da ni. Na yi barci?

Ba ki yi ba.

To.

Shi ke nan abin da ta ce. To. Ba ta ce je ki ba, ba ta ce rama min ba. To — kuma wannan ɗin ma Aku ta kasa kwaikwaya, ta gwada a hanya, bai fito ba.

Ba aikin take so a mayar mata ba. Ko tana so? Tana so mana, ƙarya me? Tana son tururin ma, tana son Gajera da gulmarta. Amma ko ba a mayar ba, a goge kalmar nan. Raini. Gyangyaɗi. A rubuta abin da ya faru, a yanke robar nan da wuƙa a gaban kowa. In doka tana da magana, to ta yi maganar, a ji muryarta ita ma, ko ta hanci take yi.

Da safen nan ta ce kasuwa za ta. Yaya yana goge babur a ƙofar gida, cikin shuɗin kayan nan. Tun ranar hannun bai ƙara cewa yi mana wane ba. Ya ci abinci kaɗan, ya daɗe yana wanke hannu. Ya ce hau in rage miki hanya. Ta hau. Suka zo kasuwa, bai tsaya ba. Ya wuce gidan mai, ya wuce asibiti, ya karya kwana, ya tsaya a bakin layin nan, daidai inda ake hango allon ofishin. Bai kashe inji ba. Bai juyo ba. Ƙeyarsa kawai, da zufa tana gangarowa cikin kwala. Ta sauka. Ya ce, ki riƙa tattare mayafinki in kin hau babur, zai shiga taya. Ya ja ya tafi wurin aiki.

Me ke nan, Yaya? Je ki ne? Ko kuwa ga shi na kawo ki da kaina, in kin iya ki shiga? Ta juya maganar ta kowace fuska, ta faɗe ta da muryarsa a ciki sau nawa, ta sa mata fushi, ta sa mata roƙo, duk ta zauna. Ita da ke jin abin da ke ƙarƙashin muryar kowa. Nasa kaɗai…

*Na gabaaa!*

Ƙafar ta mutu da gaske. Tana jan ta kamar ta aro. Ɗaki ƙarami, tebur, tulin fayil, taga mai ƙura. Jami'a babbar mace ce, ba kwalliya, idanu a gajiye, biro a hannu. Zauna. Me ke tafe da ke?

Ga shi yana tasowa. Tana jin sa a maƙogwaro, ehem ɗin, hannunta har ya kama hanyar ƙugu. Da shi labarin zai yi daɗi, matar nan za ta yi dariya, gajiyar idon za ta washe, za ta so ta. Kowa yana son ta in ta yi. Ta damƙe hannun da ɗayan a kan cinya. Ta haɗiye.

Abin da ya fito siriri ne, ba gishiri. An kore ni daga gidan wanki. Sun ce raini. Ni kuwa na ce don na faɗa wa mai duba cewa ana ɗaure birkin injin guga ne, kuma ya cinye hannun abokiyar aikina. Muryar wace ce wannan? Kamar ta yarinyar da aka aika ta manta saƙo. Amma tana tafiya. Biro yana bin ta. Roba, sanda, ranar dubawa, bangon sito, makanikai sun cika gari. Manaja ne ya ce a ɗaure. Ta maimaita: shi ya ce.

"Wa ya ɗaure?"

"Makaniken wurin." Biro yana jira. "Yayana ne. Uwa ɗaya uba ɗaya."

Jami'a ta ɗago ta dube ta, ta daɗe, sannan ta mayar da kai. Ba dariya. Ba wanda zai fashe da ita ya cece su duka. Fanka, takarda, wani yana jan kujera a ɗakin kusa.

"Sunansa?"

Sunansa. Ta sani mana, wa zai fi ta sani… Tana da shi da muryar Baba, daga ƙofar gida, a ja ƙarshen. Tana da shi da muryar Manaja, a gajarce, kamar ana kiran kare. Da ta abokansa, da ta mai shagon unguwa. Da tata fa? Tun da ta buɗe ido Yaya ne. Ko a faɗa, ko a wasa, ko a bayan idonsa, bakinta bai taɓa ɗaukar sunan nan da kansa ba. Ashe nan ne zai fara. A ɗakin nan, a gaban biron nan, don wannan.

Yana can yanzu a ƙarƙashin wani inji. Ƙafafu kawai.

Biro ya taɓa takarda, ya yi ɗan ɗigo, yana jira. Ta jiƙa leɓe. Nauyi ne da shi, ba ta san haka yake da nauyi ba…

Ta buɗe baki.